Gero da Maiwa a Tsakar Gidan Kaka

Gonar da ke bayan gidanmu, wadda muka taso muna kiranta gonar maiwa, bana aka gama yanka ta fuloti-fuloti. Da safe idan na fito alwala, abin da nake ji shi ne ƙarar injin buga bulo da hon ɗin adaidaita sahu masu kwasar ma'aikata zuwa birni. A da kuwa abin da ke tashin mutum shi ne sautin taɓarya daga gida uku ko huɗu a lokaci guda, da kukan jakunan Baba an ɗora musu itace za su kai Kano su dawo da taki a mangala. Ban ce da can ya fi yanzu ba, don na san wuyar jan guga a rijiyar unguwarmu, kuma ko kaɗan ba na kewarta. Amma akwai abubuwan da suka tafi tare da gonar nan, har da ita kanta maiwar, wadda yaran yanzu ba su iya bambanta ta da gero ko a zangarniya ko a ƙwarya. Sunanta kawai ya rage a bakin 'yan gidanmu, shi ma ba a kan hatsi ake faɗarsa ba, a kan yara ake faɗarsa.

Abin da ya tono mini wannan duka shi ne zuwan jikata, wadda ke karatu a jami'a a kan yadda yara ke girma. Ta zo ran wata Asabar da ɗanta a goye da takardu a jaka, wai an ba su aikin bincike, za ta zagaya gidaje ta tambayi tsofaffi. Na ce mata, "Ke da kika haifi ɗaya tal, har kin san abin tambaya?" Ta yi dariya ta ce, "Hajiya, ai ba da ka nake yi ba. Malaminmu ya ce ba a fita bincike hannu rabbana, sai mutum ya riƙe ra'i. Wani tsari ne da masana suka yi na yadda yaro ke tasowa mataki-mataki, shi zai nuna miki inda za ki duba da abin da za ki tambaya. In babu shi sai ki tara labarai buhu-buhu ki rasa yadda za ki yi da su." Na ce to, Allah ya ba da sa'a, bismilla. Ta fara karantowa: wata nawa yaro ke zama, wata nawa yake rarrafe, yaushe yake haɗa kalma biyu. Ina amsawa, amma na lura duk tambayar da ta shafi magana sai muryarta ta yi ƙasa, idonta ya koma kan ɗanta, wanda ya sauka yana tona ƙasa da tsinke a bakin ƙofa. Yaron ya haura shekara biyu, ɓul-ɓul da shi, amma tun isowarsu ban ji ya ce uffan ba. Da na tambaye ta sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Umma ta ce kada in damu, wai maiwa ne, gadon gida ne." Ummar nan tata 'yata ce, kuma a bakina ta ji kalmar. A nan na gane rabin zancen na ba 'ya'yana, na riƙe rabi.

Mai wannan kalma ita ce kakarmu ta wajen uba, wadda kowa a unguwar ke kira Kaka, har sa'o'inta. Doguwa ce siririya, goro ba ya rabuwa da bakinta, kuma Allah bai ba ta ƙaramar murya ba. A zamanin duk yaron da ya isa yaye a danginmu ɗakinta ake kai shi. Za a karɓo rubutu wajen malam a ba shi ya sha, a dama kunu, uwar ta sulale ta tafi tana share hawaye a ɓoye don kunya, shi kuma ya kwana biyu yana tsala kuka kafin ya haƙura ya manne wa Kaka. Wani ya yi wata guda ya koma, wani ya zarce har ya yi wayo. Da haka yara masu yawa suka bi ta hannunta, kuma ba riƙo kawai take yi ba, nazarinsu take yi. Tana zaune a tabarma a gindin ɗorawar tsakar gida tana kaɗi, mazari na juyawa, ido ɗaya a kan zare ɗaya a kan yaro. Ta san wanda ke fara cin tuwo daga gefe da wanda ke nutsa hannu a tsakiya, ta san wanda in ya faɗi sai ya duba ko an gan shi kafin ya yi kuka.

Daga wannan kallo ne ta fitar da nata tsarin. A wajenta yara iri biyu ne, kamar hatsin gonarmu. Akwai gero, wanda ake shukawa da ruwan fari, kafin ka ankara ya fitar da kai, shi ke raba gida da yunwar damina. Yaron gero kafin shekara ya miƙe, bakinsa ya buɗe da wuri, ga saurin fushi ga saurin hucewa. Ni gero ce, in ji ta, wai tun ban yi haƙori ba nake gardama. Akwai kuma maiwa, wadda za ta zauna a gona kore shar kamar ba ta da niyyar komai, an girbe gero an ci har an manta, sai can da sanyi ya fara shigowa ta fito da zangarniya mai nauyi. Yaron maiwa ba a gaggauta shi, ba a yi masa gori, ba a gwada shi da sa'ansa, jiransa ake yi. Kada kowa ya raina wannan tsari na Kaka, don ya ceci yara da yawa daga tsangwama. Akwai ɗan baffanmu da ya kusa shekara biyu yana jan gindi, mata suka matsa a kira wanzami a yi masa tsaga a gwiwa. Kaka ta ce duk wanda ya kawo aska gidan nan da ita zai fara. Yaron nan da ya girma a ƙafa yake zuwa cin kasuwa har Tofa ya dawo ran nan, yana yi wa masu jaki dariya.

Sai aka haifi Tanko, ƙanena, namiji na farko bayan mu mata uku. Ni aka ba rainonsa, ina da kamar shekara shida, har bayana ya saba da nauyinsa, in na sauke shi sai in ji kamar na manta wani abu. Da aka kai shi yaye bai yi kukan da yara ke yi ba, kuma kafin sati Kaka ta yanke hukunci ta ce maiwa ne, irin mai kyau ma. Damina uku ta wuce, ta huɗu ta shigo, Tanko bai ce Inna ba, bai ce Baba ba. Abin da yake so sai ya ja zaninka ya nuna, yana wani sauti daga maƙogwaro. Abin da ya fi ba ni mamaki yanzu shi ne, duk abin da ya yi sai ya zama shaida ce ga Kaka. In an yi tsawa yara sun ruga ɗaki shi yana zaune yana wasansa, sai ta ce kun gani ko, nutsuwar maiwa ke nan. In an kira shi bai waiwayo ba, sai ta ce nauyin kai ne, irinsu ba su amsa kiran kowa da kowa. In ana daka ya je ya rungume turmi ya kwantar da kumatunsa a jikinsa yana murmushi, sai ta ce wannan ya san inda abinci yake, ba zai yi yunwa ba. Mu duka mu yi dariya.

Amma a bakin rijiya ba dariya ake yi ba. Na sha zuwa ɗibar ruwa da shi a bayana in ji mata sun yi shiru, in na juya kuma in ji ana raɗa ana cewa anya yaron nan mutum ne, ko dai ɗan ruwa aka musanya mata. Inna tana jin duk wannan har ta rame, in tana tankaɗe kuma sai in ga ta tsaya da rariya a hannu tana kallonsa. Baba sau ɗaya ya yi ƙarfin hali. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Kaka ya ce, "Iya, na ce ko a kai yaron nan birni likita ya duba shi." Kaka ta ce, "Kai da ka yi shekara uku kana nuna randa da baki, wane likita na kai ka? Ga shi yanzu ba ka bari kowa ya yi magana a zaure. A bar mini yarona, lokacinsa ne bai yi ba." Baba ya ce, "To, Iya," ya tashi ya kakkaɓe gwiwa. A gidanmu maganar Kaka ba ta da ta biyu.

A wannan daminar, da gero ya fara ƙosawa, aka tura mu yara korar tsuntsaye. Akan ja igiya daga wannan gefen gona zuwa wancan, a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, mai tsaro yana zaune a inuwa sai ya fizgi igiyar, gonar duka ta ɗauki ƙara. Na zaunar da Tanko kusa da ni, dab da wani gwangwani, bayansa na wajen igiyar, yana tara 'ya'yan gawo. Tsuntsaye suka sauka, na fizga da ƙarfina. Ƙarar ta sa ni kaina na zabura, wata akuya da ke kan iyaka ta tsinke a guje, Tanko ko gezau. Sai da tsuntsayen suka tashi inuwarsu ta gifta a ƙasa a gabansa sannan ya ɗaga kai yana dariya. Na sake fizga, na sake, har hannuna ya yi ja. Na zagaya bayansa na kira sunansa har maƙogwarona ya yi zafi. Daga nan na goya shi na fara waƙar da nake yi masa, sai na ji ya manna kumatunsa a bayana kamar yadda yake yi wa turmi, yana gurnani a hankali yana bin ni. Ban san sunan abin ba a lokacin, amma na gane da jikinsa yake jin waƙar, ba da kunne ba. Na zauna a kan kunyar gona na yi kuka na ƙoshi.

Da yamma na sami Kaka tana kaɗi, na durƙusa na ce, "Kaka, Tanko ba ya ji." Mazarin ya tsaya. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke yaushe aka yaye ki? A nan tabarmar kika yi mini fitsari, yau ke za ki gaya mini yaro?" Na ce, "Kaka, na kaɗa gwangwani a kunnensa, akuya ta gudu, shi bai waiwayo ba." Ta ce in tashi in ba ta wuri, gero da surutu. Na tashi ina jin haushinta kamar in yi yaya. Amma washegari ba ta ɗauko audugarta ba, haka jibi. Tana zaune hannu a kumatu, ido biyun duka a kan Tanko, ko goron ba ta ci sosai.

A rana ta uku da hantsi, maza sun tafi gona, Inna na shara, Tanko na zaune ya ba ɗakin Kaka baya. Sai ga Kaka ta fito da tasarta ta jan ƙarfe, wadda ta zo da ita tun aurenta, wadda ko taɓawa ba ta bari mu yi. Ta lallaɓa ta tsaya a bayansa, ta karkata don kada inuwarta ta faɗa gabansa, ta ɗaga tasar ta sake ta a kan dutsen niƙa. Kaji suka watse, Inna ta yar da tsintsiya, jaririn maƙwabta ya fasa kuka ta bayan danga. Tanko na nan yana zuba ƙasa daga wannan hannu zuwa wancan. Kaka ta daɗe a tsaye, sannan ta zauna a ƙasa, ba tabarma, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce da ni, "Je ki gona ki kira mini ubanki. Ki ce ya zo da jaki."

Ita da kanta ta hau jakin da Tanko a gabanta, ita da ta yi shekaru ba ta shiga birni ba. Sai la'asar sakaliya suka dawo. Likita ya ce ciwon kunne ne ya daɗe yana cinsa a ciki, na dama ya riga ya tafi, na hagu da saura, ya wanke ya ba da magani, ya kuma ce da an zo da wuri da abin bai kai haka ba. Baba ya so ya ɓoye wannan ta ƙarshen, Kaka ce ta faɗe ta da bakinta a tsakar gida. Sannan ta taka har ƙofar ɗakin Inna, surukarta, ta ce, "Ki yafe mini. Na tsaya ina jiran lokaci, ban duba yaron ba. Manomi ma in ya ga kara ya ƙi fitar da kai yakan tsaga ya ga ko tsutsa ce a ciki, ni ban tsaga ba." Inna ta durƙusa tana kuka tana cewa, "Haba Iya, haba Iya."

Daga ranar Tanko ya zama aikin Kaka. Kullum da safe ta zaunar da shi a gabanta, gwiwa da gwiwa, ta ɗora tafinsa a maƙogwaronta, ta karkata wajen kunnensa na hagu, ta saki muryar nan tata da a da muke gudu. Maƙwabta har sun haddace darasin. Wata da watanni tana fama da shi ya ce Kaka, tana nuna ƙirjinta, tana buɗe baki yana kallon haƙoranta ja da goro. Ran da bakin ya buɗe, ina shigowa da tulu a ka, ya nuna ni ya ce, "Yaya." Kaka ta tafa hannu ta ce, "Ka ji butulu. Ni da wahala, gero da suna." Tana faɗa hawaye na bin kumatunta. Maganarsa ba ta taɓa fita tas ba, kuma har ya tsufa bai san yana ɗaga murya ba, in yana gaya maka asiri sai an ji a gida na uku. Wannan ne ma ya sa aka ba shi ladanci. Kafin a kawo lasifika, kiran sallar Tanko ake ji har ƙauyen da ke ƙetaren fadama, ya riƙe ladancin har Allah ya karɓi abinsa. Har yau in aka kira assalatu nakan ji kamar da saura, kamar ba a gama ba.

Kaka ba ta yar da gero da maiwarta ba, don ta san sun yi mata aiki a kan yara da yawa. Gyara ta yi. Duk yaron da aka kawo yaye bayan Tanko, kafin ta ce masa komai sai ta saki tasa a bayansa, ta gifta jan ƙyalle a gaban idonsa, ta murza ƙafafunsa ta ga ko ɗaya ta fi ɗaya. Sai ya tsallake wannan duka sannan take ba shi suna, kuma ko ta ce maiwa ne takan ƙara da cewa a dawo mata da shi bayan girbi ta sake gani. Da za a kai ni gidan miji, a cikin kayan jerena na tarar da tasar nan, da lotsawarta a gindi. Ni kuma da na haifi nawa, sai na riƙa ba su labarin gero da maiwa don yana da daɗi, na bar na tasar, saboda ba na son a ji Kaka ta taɓa kuskure. Son da nake yi mata ne ya sa na yanke mata rabin hikimarta, kuma rabin da ya fi tsada.

Wannan duka na zayyana wa jikata a ranar, biro na hannunta amma ta daina rubutu. Da na kai aya ta ce, "Hajiya, ai abin da malaminmu ke ta nanatawa ke nan. In abin da ka gani ya ƙi bin ra'i, ra'in ake gyarawa, ba a rufe ido." Na ce, "To Kaka ta riga shi, kuma ko alif ba ta taɓa rubutawa da boko ba. Tashi ki shiga ɗaki, ƙarƙashin gado akwai kwalla, ki buɗe ki ɗauko mini abin da ke ciki." Ta fito da tasar a hannu. Ta ce, "Hajiya, tsoro nake ji." Na ce, "Na sani. Tun ɗazu nake ganinsa, shi ya kawo ki, ba takarda ba. Zauna nan inda ba zai ga fuskarki ba."

Na dafa bango na miƙe, na lallaɓa bayan yaron, na karkata don inuwata kamar yadda na ga an yi. Dutsen niƙa babu shi yanzu, siminti ne ko'ina, na yi bismilla na saki. Kafin tasar ta gama kaɗawa yaron ya zabura ya waiwayo, ya dube ni da ido kamar zai cinye ni, ya kwarara ihu ya ruga ya faɗa jikin uwarsa. Ta rungume shi, shi yana kuka ita tana kuka da dariya tare. Na koma na zauna.

Da ta natsu na ce mata, "Kunne lafiya lau, alhamdu lillahi. Amma tasa kunne kaɗai ta sani. Ranar Litinin ki kai shi asibiti su duba sauran, ki tafi da takardun naki. In sun ce ba komai, sannan ki ce masa maiwa, ki jira shi. Ki kuma gaya wa uwarki ta zo, akwai labarin da ban gama ba ta ba."

Yaron da ya huce sai ya sauko ya zagayo a hankali, ya tsuguna gaban tasar yana leƙa fuskarsa a ciki. Ya sami ludayi ya buga sau ɗaya, ya tsaya ya saurara, ya sake bugawa. Haka ya wuni yana yi har aka kira la'asar. Ni da jikokina suka sani ba na son hayaniya, ban ce a karɓe ba.